Mai Kari a Bakin Ƙofa

Ranar da muka binne mijin yayata, fasto ya tsaya a gaban akwatin ya ce yau ikilisiya ta yi rashin mutum mai adalci. Jama'a suka amsa da amin. Ni ban amsa ba. Ba don an yi masa ƙarya ba, domin a duk unguwarmu ban san wanda ya kai shi riƙon gaskiya ba. Sai dai na san da zai iya ɗaga murfin akwatin nan, da ya roƙi fasto ya janye maganar. Matasan da suka ɗauki gawarsa sun san shi ne a matsayin wani tsoho mai shiru, wanda ke zuwa gidan mara lafiya ya ja kujera ya zauna, ya riƙe hannun mutum har barci ya ɗauke shi, ya tashi ya tafi ba tare da ya ce uffan ba. Ba su san mutumin da ni na sani ba, ba su kuma san abin da ya rufe masa baki ba. Ni a gabana aka yi komai.

Wanki da guga ne sana'arsa. 'Yan coci suna ce masa Dattijo, mutanen layi suna ce masa Mai Guga. Ni kuwa tun ranar da ya fara zuwa gidanmu neman Yaya, sanye da wando mai karin da zai iya yanka burodi, na laƙaba masa Mai Kari. Shi ma bai bar ni ba, ya sa mini Rediyo, wai wanda ya ƙera ni ya manta da wurin kashewa. Haka muka yi ta yi har muka tsufa. Ina tsokanarsa yana ɗaure fuska, Yaya tana tsakiya tana dariya ƙasa-ƙasa.

Maraya ne, a hannun kawunsa ya tashi, a wurinsa kuma ya gaji sana'ar. Shagonsa ɗaki ɗaya ne a bakin titi, tsakanin mai aski da mai gyaran keke. Da ka shiga za ka ga dogon tebur da aka shimfiɗa wa tsohon bargo da farin ƙyalle, sai dutsen guga biyu, na lantarki da na gawayi don ranar da aka ɗauke wuta. Kayan mutane na rataye a hanga jere da bango, kowanne da ɗan zare mai launi da ya ɗaura masa don kada su cakuɗe. Ta baya akwai ɗan fili mai siminti da bahunan wanki da igiyoyin shanya. A nan ƙuruciyarsa ta ƙare. Hannuwansa sun yi fari sun tsattsage saboda sabulu, amma ban taɓa jin ya ƙona rigar mutum ba, ko ya ɓatar da safa guda. Duk abin da ya tsinta a aljihu, makulli ne ko biro ko maɓalli, cikin gwangwani yake jefa shi har mai shi ya zo. Ba ya sha, ba ya zagi, ba ya kuma buɗe shago ranar Lahadi ko da ango ne ya zo masa yana magiya.

Yana da wata ɗabi'a wurin karɓar kaya. Ba ya karɓar riga a dunƙule. Sai ya warware ta a kan tebur ya bi ta da ido, in ya ga tabo ya ɗora yatsa a kai ya ce, "Me ya taɓa nan?" In ka ce ba ka sani ba, ya ce ka tsaya ka tuna. A wurinsa babu tabon da ya faɗo daga sama. Maiƙo da maganinsa, tawada da nata, tsatsa sai lemun tsami da gishiri, jini kuwa ruwan sanyi, in ka kuskura ka sa masa na zafi to ya zauna ke nan har rigar ta yage. "In ban san abin da ya jawo ba, ba zan iya fitarwa ba," haka yake cewa. A kan riga gaskiyarsa ce, ban ja ba.

Abin ya ɓaci ne lokacin da aka zaɓe shi dattijon ikilisiya, aka kuma ba shi aikin ziyarar marasa lafiya. Kowace Alhamis da yamma sai ya rufe shago, ya sa farar rigarsa, Yaya ta bi shi a baya da filas ɗin shayi. In sun isa ya gaida mutanen gida, ya zauna a gefen gado, ya yi addu'a mai tsawo. Sannan ya ɗora tafin hannunsa a ƙirjin mara lafiyar ya ce da murya mai taushi, "Ɗan'uwa, Allah ba ya zalunci. Bincika da kyau. Me ya taɓa nan?"

Ba da mugunta yake yi ba, wannan dole in faɗa. Lissafinsa a miƙe yake. Allah mai adalci ne, mai adalci kuma ba ya bugu ba dalili, saboda haka duk wanda ya kwanta akwai abin da ya kwantar da shi; a gano shi, a tuba, a tashi. Wasu sukan fashe da kuka su faɗi abin da suka ɓoye, in aka yi dace suka warke sai ya dawo gida fuskarsa tana haske. Waɗanda suka mutu kuwa, sai ya girgiza kai ya ce sun tafi da abinsu a ciki. Na sha ce masa, "Mai Kari, mutum fa ba riga ba ne." Amsarsa ɗaya ce, "Rediyo, a rage murya."

Yaya ba ta sa baki. Yayin da yake gefen gado yana bincike, ita tana share ɗakin, tana wanke kofuna, tana yi wa yaran gidan wanka. Na taɓa tambayarta me ya hana ta yi masa magana. Ta ce, "Na yi. Ya ce in bar masa aikin dattawa. To na bar masa, na ɗauki tsintsiya."

Wanda ya fi shan wannan tambaya shi ne wani tela ɗan cocinmu, wanda mota ta buge a hanyar kasuwa, ƙafafunsa suka daina aiki. Mai Kari ya yi ta komawa wurinsa, Alhamis bayan Alhamis, tela yana cewa bai san komai ba. Daga ƙarshe ya ce ya tuna, wai yakan yanki wani abu a yadin masu kawo ɗinki ya ɓoye. Mai Kari ya tara dattawa, tela ya maimaita a gabansu, aka yi masa addu'ar tuba. Ƙafafu ba su dawo ba. Mai Kari ya ce da saura ke nan.

Ana nan sai Yaya ta fara ramewa. Abinci ya ƙi zama a cikinta, zaninta ya fara zagaye ta sau biyu. Aka yi ta zirga-zirgar asibiti, aka yi gwaje-gwaje, har ranar da likita ya kira mu gefe ya ce ciwon daji ne a cikinta, ya kuma riga ya bazu. Ya ce mu kai ta gida mu kula da ita, ya rubuta maganin rage zafi. Ɗansu yana aiki a nesa, 'yarsu tana gidan mijinta da ɗanyen goyo, ni kuma mijina ya daɗe da rasuwa. Na kulle ɗakina na ɗauko jakata na tare a gidansu.

Da farko Mai Kari ya yi abin a yaba. Shi ke ɗaga ta, shi ke ba ta shayi da cokali, shi ke shafa mata mai a ƙafa. Sai wata Alhamis dattawa uku suka zo ziyara, dukansu waɗanda suka koyi aikin a hannunsa. Na jera musu kujeru a ɗakin Yaya. Suka yi waƙa ɗaya, suka yi addu'a. Dukansu suka juyo suna kallonsa, don an zo wurin da ya saba karɓa. Na ga ya ɗaga hannunsa ya nufi ƙirjinta da shi, kamar yadda ya yi wa mutane ba adadi. Hannun ya tsaya a sama. Yaya tana kallonsa, ba ta kau da ido ba. Ya miƙe zumbur har kujerar ta faɗi, ya fita.

Daga ranar bai ƙara taka ɗakin nan ba.

Ya koma kwana a falo, a kan doguwar kujera. Kowace safiya in na fito da zannuwan gadon da suka ɓaci, sai in tarar da shi a tsakar gida ya riga ya tara ruwa a baho. Ya karɓa bai dube ni ba, ya wanke, ya shanya, ya goge, ya ninke tsaf, ya ajiye a kan ɗan benci a bakin ƙofarta. Zanin gadon mai jinya, har da kari. Yaya takan ji takunsa ya zo ya tsaya, ta juyo da kai wajen labule ta jira, sai ta ji takun ya koma. Ina ganin yadda take mai da kanta kan matashi a hankali. Wannan ne ya fi ci mini rai a duk jinyar.

Wata safiya na kasa haɗiyewa. Na same shi a durƙushe gaban baho.

"Mai Kari, matarka tana tambayarka."

"Ki ce mata ina wanki."

"Zanin gado ta aura ko kai?"

Ya ci gaba da cuɗa zanin kamar bai ji ba. Can ya ce, "In na shiga, dole in tambaye ta. Na tambayi kowa, Rediyo. Na tambayi tsofaffi, na tambayi mai jego, na tambayi mutumin da ko kai ba ya iya ɗagawa. In na tsallake ta don tawa ce, na zama munafuki. In kuma na tambaye ta…" Ya tsaya. "Na san matar nan. Babu komai a wurinta."

"To kada ka tambaya mana! Wa ya sa maka wuƙa a wuya?"

"In babu komai a wurinta, to yana wurina. Bari in nemo shi tukuna."

Ya shiga nema. Ya ɗauki azumi har wandonsa ya fara zamewa. Ya je wurin mai aski ya roƙi gafara saboda ruwan wankin da ya taɓa kwararowa gaban shagonsa, mai aski ya yi dariya ya ce shi bai ma tuna ba. Ya je wurin wata mata da ya taɓa ɗaga wa murya a kan rigar makarantar ɗanta. Ya tono abubuwan da tun kafin a haifi 'ya'yansa aka yi su. Duk wanda ya je wurinsa sai ya ce, "Haba Dattijo, ai ba komai." Ya dawo gida da wannan ba komai ɗin kamar an zage shi.

Wata yamma na fito zubar da ruwa na tarar da shi zaune a kan bokitin da ya kife, idanunsa sun yi ja. Bai jira na tsokane shi ba.

"Na duba," ya ce. "Tun daga yarintata na duba. Ban ce ni mala'ika ba ne. Amma wanne ne a ciki ya kai a cinye mace da ranta? Ban ci na kowa ba. Ban kalli matar kowa ba. Ranar Ubangiji ban taɓa kunna dutsen guga ba. Ita kuma fa? Gidan wa ba ta share ba a cocin nan?" Muryarsa ta tashi. "Ko alƙalin duniya yana karanta wa mutum laifinsa kafin ya yanke hukunci. Ina so in tsaya gaban Allah in ji nawa. Ya faɗa mini kawai. In ya faɗa, zan yi shiru."

Na ji tsoro, ba zan ɓoye ba. Kuma gaskiyar magana, ni ma duk lokacin da na canza wa Yaya riga na ga ƙasusuwan bayanta, tambayar nan ce a bakina, sai dai ban da ƙarfin halin furta ta. Ranar Lahadi ya je coci ya zauna a bencin baya, ba a layin dattawa ba. An ce ko waƙa ɗaya bai buɗe baki ya yi ba, da aka zo cin jibin Ubangiji kuma bai tashi ba.

A cikin wannan hali ne tela ya zo duba Yaya, matarsa tana tura shi a keken guragu. Keken bai shiga ƙofar ɗakin ba, sai na ɗage labule ya gaishe ta daga nan. Ya ce mata ta yi sauri ta warke don tun da ta daina zuwa gizo-gizo ya kama haya a ɗakinsa. Yaya ta yi dariya har ta riƙe ciki. Da suka juya za su tafi, suka yi kiciɓis da Mai Kari yana shanya a tsakar gida.

Bayan gaisuwa tela ya ce, "Dattijo, akwai maganar da na daɗe ina riƙe da ita. Yadin nan da na ce ina yanka, ban taɓa yanka ba."

Mai Kari ya tsaya da jiƙaƙƙen zani a hannu. "Ƙarya ka yi a gaban dattawa?"

"Na yi, na kuma tuba a kanta. Gajiya na yi. Duk Alhamis in na ji takunka sai in rasa inda zan sa kaina. Na ce bari in ba shi wani abu ya tafi da shi in samu in huta." Ya gyara bargon da ke kan cinyarsa. "Ina da zunubaina na gaske, waɗanda suka fi yadi nauyi. Na kai su inda ake kai su, an kuma yafe mini, ina ji a raina. Ga ni dai a keke. Ban zo in ci maka fuska ba. Ji na yi an ce ba ka shiga ɗakinta, na ce bari in gaya maka."

Matarsa ba ta da haƙurinsa. Ta ce, "Gaya masa sauran mana. Mun sayo keken ɗinki na hannu, yana iya aiki daga zaune. Amma tun ranar nan babu ɗan cocin da ya ƙara kawo mana ko ɗinkin maɓalli. Wa zai ba ɓarawon yadi yadinsa?"

Suka tafi. Zanin da ke hannun Mai Kari yana ta ɗiga a kan ƙafarsa bai sani ba. Na ce a raina, to madalla, yau ginin lissafinsa ya rushe, yanzu zai wuce ɗakin. Ashe ban gama sanin mutumin ba. Ya juyo ya dube ni, fuskarsa har da wani ɗan haske.

"Na samo shi," ya ce. "Ni ne."

Washegari ya sa farar rigarsa ya fita. Ya fara bin gidajen da ya taɓa ziyarta ɗaya bayan ɗaya, yana durƙusawa yana roƙon gafara. Inda mara lafiyar ya rasu, ya roƙi iyalinsa. Wasu suka ɗaga shi suka rungume shi. Wata gwauruwa ta saurare shi har ya gama, ta ce mijinta ya mutu yana kuka yana neman laifin da bai samu ba, ta rufe ƙofarta. Ranar Lahadi ya miƙe a gaban ikilisiya ya wanke tela tas, ya ce shi ne ya matsa wa bawan Allah har ya ɗora wa kansa abin da bai yi ba. Wannan duk ya yi daidai, ba ni da ta cewa. Amma kowace yamma in ya dawo, ƙafafunsa buɗu-buɗu, sai ya tsaya a bakin ƙofar ya kira ni a hankali.

"Ta ci abinci?"

"Cokali biyu."

"Ta tashi zaune?"

"A'a."

Sai ya gyaɗa kai ya ce saura gidan wane da na wance. A lokacin na gane abin da yake yi. Ciniki yake da Allah. Da can yana kawo gaskiyarsa yana cewa a sake masa matarsa, yanzu yana kawo tubansa yana cewa a sake masa ita. Ita kuwa kullum tana ƙara yin ƙasa. Maganin rage zafi ya daina riƙe ta, ruwa ma sai na ɗiga mata da cokali.

Wata safiya ta farka da ƙarfin da na daɗe ban gani ba. Ta ce in goge mata fuska in ɗaura mata ɗankwali. Sannan ta ce, "Auta, je ki kawo mini shi. In ya ƙi, ki ce ni zan taso." Na ɗauka wasa take, sai na ga ta fara jan ƙafarta zuwa bakin gado. Na fita a guje. Na same shi yana sa takalmi zai fita zagayensa. Ban tsaya gardama ba, na damƙi hannun farar rigar nan na ja shi har bakin ƙofa, na yaye labulen gaba ɗaya.

Ya zube a kan gwiwoyinsa daga waje, kansa a ƙasa.

"Maman yara, ni na jawo miki. Na ɗora wa bayin Allah abin da ba su yi ba. Saura gidaje kaɗan in gama, in na gama wataƙila…"

"Wataƙila me?" Muryarta ta dishe, amma ana ji. "Wataƙila ya sake ni? Wato kana ganin Allah ya kama ni ne ya riƙe har sai ka gama zagayenka?"

Ya ƙara sunkuyar da kai.

"Baban yara, da ka ce kai mai gaskiya ne, ka tsaya a waje. Yanzu ka ce kai mai laifi ne, ka tsaya a waje. Ni duk ɗaya ne a wurina. Ban gan ka ba."

Ta huta, ta nemi ruwa, na ɗiga mata. Ta ci gaba a hankali, tana yi tana tsayawa.

"Abin da ka yi wa tela ka yi shi, yana kuma da nauyi. Amma ba a cikina aka zuba shi ba. Akwai wanda ya riga ya ɗauka a kan gicciye, nawa da naka. In ni ce zan ɗauka, to shi me ya je yi can?"

"Ke ba ki da komai," ya ce cikin kuka. "Na san ki."

"Wa ya gaya maka? Duk shekarun da na yi ina bin ka ina sharar ɗakunan mutane, ina jin haushinka a raina, ina ganin na fi ka. Ka san wannan? Na kusa tsayawa gaban Allah, kuma ba sharar zan nuna masa ba. Ba ni da abin nunawa. Jinƙansa kawai na riƙe. Kai ma ranar taka shi za ka riƙe, ba gaskiyarka ba, ba kuma yawon nan naka ba."

Ya ɗago kai a karo na farko. "To me ya sa? In ba ke ba, ba ni ba, me ya sa?"

"Ban sani ba," ta ce. "Na tambaya, ba a gaya mini ba. Abin da na sani shi ne bayana yana ciwo, hannun Auta kuma duk ƙashi ne. Zo ka tallafe ni."

Ya daɗe a durƙushe. Sannan ya cire takalmansa ya shigo. Na matsa masa, ya hau gadon ya zauna a bayanta, ya sa hannu zai ɗaga ta da irin ƙarfin da ya saba. Sai na ji ya ja numfashi. Ba ta da nauyin komai. Zannuwanta ya yi ta gani duk tsawon lokacin nan, bai ga abin da ya rage a cikinsu ba. Ya jingina ta a ƙirjinsa, ya kifa fuskarsa a kan ɗankwalinta, kafaɗunsa suna rawa. Ta lalubo hannunsa mai kaushin nan ta riƙe, ta ce, "Yauwa. Nan ne." Ni na fita tsakar gida na yi nawa kukan.

Ba ta ƙara wata doguwar magana ba. Da rana ta tambaya ko an kira yara, na ce suna hanya. Ta yi barci ta farka, ta sake yin barci. Na kawo masa shayi ya huce a kan benci bai taɓa ba. Ƙafarsa ta yi sanyi a ƙarƙashinta, na ce ya bari in sa mata matashi ya ɗan miƙe, ya girgiza kai. Wajen la'asar numfashinta ya fara nisa da juna. Kafin rana ta faɗi ya tsaya.

Na rufe mata ido, na aika aka gaya wa fasto. Ba a jima ba matan zumunta na coci suka fara shigowa, wasu da bokiti, wasu da sabulu da farin ƙyalle, don su shirya ta. Suka tarar da shi yadda na bar shi, yana rungume da ita, kumatunsa a kan kanta. Suka tsaya cirko-cirko a bakin ƙofa. Babbarsu, wata tsohuwa da ta girme mu duka, ta matso ta dafa kafaɗarsa.

"Dattijo, sai haƙuri. Ta riga ta huta. Ka ba mu wuri mu yi mata abin da ya kamata."

Bai sake ta ba. Ya ɗago ya dubi tsohuwar, ya dube mu ɗaya bayan ɗaya.

"Ku ɗan bar ni, Mama," ya ce. "Yanzu na shigo."